Motar Rowa

Da wuya sati ya wuce wani saurayi bai shigo shagona ya miƙo mini waya har bakin hanci ba, yana cewa, "Baba Tamfol, duba wannan." In na ja kai baya na duba, hoton mota ne, 'yar ƙarama mai kujera biyu, an naɗe rufinta baya, wani mai baƙin tabarau yana dariya a ciki. Galibi 'yan jami'a ne, sai masu keke mai ƙafa uku da suka fara jin nauyi a aljihu. Sun ji cewa akwai irinta guda ɗaya a Kafanchan, kuma ni na ɗinka mata rufi, shi ya sa suke zuwa tambayar wacce ce mai araha, wacce ce ta fi daɗin tuƙi. Daga nan sai wani ya kalli kekena na ɗinki ya ce ai rufin ba matsala ba ne, tamfol ne kawai da zare. To, ku jawo benci. Ni ban san gudu ba, ban san injin ba, amma na taɓa zaɓen irin motar nan sau ɗaya, kuma da sandar gora na zaɓe ta.

Aikin farko da Oga Cyprian ya ba ni ba ɗinki ba ne, warwara ce. Shi Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu, sai dai komai a bakinsa namiji ne, har da matarsa. Kujerun taragon jirgi yake yi, da manyan tamfol na rufe kaya. Ya jefo mini tsohuwar kujera da reza, ya ce in raba ta ƙyalle-ƙyalle ba tare da na yanka ko ɗaya ba, in shimfiɗa su a ƙasa yadda suka fito. Damina guda na yi ina warware aikin wasu, ina cin magani, ina ganin an mai da ni bawa. Sai daga baya na gane abin da yake nufi. Wanda ya ɗinka kujera ya bar komai a jikinta, inda ya ja, inda ya saki, inda ya gaji ya yi ha'inci. In ka warware da yawa, hannunka zai riƙa sanin abu tun kafin idonka ya gani.

Keken nan da kuke rainawa nasa ne. Baƙin ƙarfe ne, na ƙafa, yana huda tamfol ninki huɗu ba ya tari. Ya bar mini shi lokacin da jirgi ya daina zuwa kullum, aiki ya mutu, shi kuma ya koma garinsu da bai taɓa zama a ciki ba. Ya bar mini almakashi, da basilla, da wuƙar yankan soso da ya ƙera daga tsohon zarto, da dunƙulen kakin zuma da ake goga wa zare. Kakin nan shi ne rabin sana'ar. Duk inda allura ta shiga, ta buɗe wa ruwa ƙofa, kuma kun san ruwan garin nan, ba ya sallama. Zare mai kaki shi ke toshe ramin da ya bi. Sannan dole ƙyallen sama ya hau kan na ƙasa, yadda ake jera kwano, ruwa ya bi ya wuce. Idan na gama tamfol, Oga yakan sa in sa farar riga in zauna a ƙarƙashi, ya hau benci da bokiti ya sheƙa. Ɗigo ɗaya a rigar, sai reza.

Bayan jirgi na koma kujerun bas, na yi na mashin har na gaji, sannan keke ya shigo gari ya rufa mana asiri. Masu keke mutanen kirki ne, sai dai kowa yana son rumfarsa ta fi ta ɗan'uwansa ado. Wani geza yake so, wani ayar Zabura a baya, wani labule har ƙasa kamar ɗakin amarya. Muna cikin haka aka yi shekarar da citta ta ruɓe a gona. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane ba. Citta ce ke sayen keke, ita ke biyan makaranta, ita ke yin aure. Mutum ya je gona ya tono, ya ga ruwa mai wari a hannunsa. Daga Kachia har Kagarko jikin kowa ya yi sanyi. Masu keke suka koma toshe rumfa da buhun shinkafa da salatif, ni kuma na koma zama a bakin shago ina gaida masu wucewa. Ina wannan zama ne Mama Saratu ta tsaya da tsohuwar doguwar motarta.

Mama Saratu nas ce mai karɓar haihuwa, ta yi ritaya. 'Ya'yana duka a hannunta suka faɗo, haka ma rabin unguwarmu. Mijinta, Baba Yohanna, direban jirgin ƙasa ne a da, dogon mutum, wanda muna yara muke gudu bakin dogo don mu gan shi ya leƙo da kai ta taga iska tana kaɗa masa riga. Da tsufa wani ciwo ya kama shi, ƙashin bayansa da na wuyansa suka haɗe suka zama abu ɗaya, a lanƙwashe gaba. Yana tafiya a hankali da sanda, yana zama a doguwar kujera, amma ba ya iya sunkuyawa, ba ya iya ɗaga kai. Abin da yake gani shi ne ƙasa da ƙafafun mutane, in ya ƙoƙarta ya ga ƙirjinka. Ƙofar mota kuwa, sai mutum ya duƙar da kai yake shiga.

Ta ba ni labarin ranar da aka kai shi asibiti. An cire kujerun bas aka shimfiɗa katifa, aka zura shi a kwance ta baya. Direba yana tafiya a hankali saboda ramuka, 'yan'uwa suna biye a mashin. To, a nan kowa ya san abin da ake ɗauka a kwance a bayan bas, a hankali, da mashina a baya. Maza suka riƙa cire hula a bakin hanya. Wata mai sayar da masara ta ɗora hannu a ka ta ce Ubangiji ya karɓi ransa, kuma ya ji ta da kunnensa. Da suka dawo gida ya sha alwashi ba zai ƙara kwanciya a bayan mota ba sai ranar da ta zama gaskiya. Tun daga nan bai ƙara fita ƙofar gida ba.

Ga shi kuma an sa auren autarsu, Alheri, bayan Ista, a cocin ƙauyensu da ke gindin dutsen Kagoro. A wurinmu fasto yakan tsaya ya tambaya wa ya ba da yarinyar nan, uba ya miƙe ya amsa da bakinsa. In uba ba ya nan, ƙaninsa ya amsa, kuma kowa ya san abin da ke sa ƙani ya amsa. Baba Yohanna ya ce yana raye ba wanda zai amsa masa, kuma ba zai je a kwance ba. An yi maganar ɗaure kujera a bayan akori-kura, ya ce shi ba akuya ba ne. An yi maganar keke, Mama Saratu da kanta ta ce girgizar za ta kashe shi kafin a fita gari.

"Ishaya," ta ce mini, "ina so ka raka ni Kaduna in saya mota wadda ba ta da kai."

Na ɗauka wasa take. Ta ce ta ga irinta a Abuja, ta ga mai ita ya shiga daga sama ba tare da ya duƙa ba, sai abin ya tsaya mata a rai. Makanikenta zai duba injin, amma rufi da kujera aikina ne, domin bayan Ista ruwa ya fara, kuma ba za ta kai mijinta gaban jama'a a jiƙe ba. Na je gidan, na gaida Baba, na roƙe shi ya zauna a kan benci mara soso. Na sari gora daidai tsawonsa daga benci zuwa tsakar ka. Ya kalli takalmina, don shi yake iya gani, ya ce in dai da wannan takalmin zan je Kaduna, dillalai za su san ba mu da kuɗi, kuma hakan ya yi daidai.

Mota ta farko da muka gani 'yar Jamus ce, baƙa, rufinta na ƙarfe. Dillali ya danna maɓalli ɗaya. Ina tsaye, but ya buɗe ta baya-baya, rufin ya ɗaga, ya karye gida biyu, ya naɗe kansa, ya shige, but ya rufe, ba ko ƙara. Wallahi ban san lokacin da na cire hula ba. Ni da na ƙare rayuwata a kan rumfa, ban taɓa zaton ƙarfe zai yi ladabi haka ba. Na ce ya sake. Ya sake dannawa, rufin ya fito, ya zo tsakiya, ya tsaya cak, baki buɗe. Aka ce batir ne, aka ce man famfo ne, aka kira wani yana can Kakuri. Dillalin mutumin kirki ne, shi da kansa ya ce in ba mu da mai gyaranta a kusa kada mu soma. Na san abin da Mama Saratu take gani, Baba a zaune, hadari ya taso, rufi ya tsaya a rabi. Ga shi kuɗinta ma ya fi ƙarfinmu. Ku riƙe wannan. Abin da maɓalli ke yi, ranar da ya ƙi, hannunka ba zai iya ba.

Ta biyu ja ce, 'yar Kwatano, rufin yadi, tana sheƙi, kuma araharta ta sa na fara zargi. Na buɗe ƙofa na ji warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, an bi shi da turare. Na ɗaga kafet na sa hannu, damshi. Na danna ƙasan da babban yatsa, tsatsa ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Irin motocin nan suna da 'yar magudana a bayan kujeru, inda ruwan rufi ke taruwa ya bi ta ramuka biyu ya fita ta ƙasa. In ganye ya toshe su, ruwan ba ya da wurin zuwa sai ciki, ya kwanta a ƙarƙashin kafet yana cin ƙarfe, fenti na sama yana murmushi. Na sa gorata a kujera duk da haka, ta ƙi tsayawa a ƙarƙashin rufin. Muka yini muna zagaye, muka kamo hanyar gida ba mota, Mama tana kallon taga.

Gorar ce ta taimake mu. A cikin bas wani fasinja ya gaji da zungurin da take masa, ya tambaya ko maciji nake kashewa. Da na ba shi labari, sai ya ce ai akwai irin wannan mota a Kachia, wani dillalin citta ya saye ta a shekarar da kasuwa ta yi kyau, yanzu yana neman kuɗin iri ido rufe, amma ba mai so, saboda rufin ya yage kuma mutum biyu kawai take ɗauka. Muka sauka a Kachia.

Tana cikin rumbun citta, an tara mata buhuna wofi a ka. 'Yar Japan ce, ƙarama, koriya, fitilunta kamar tana mamakin ganinmu. Rufin kam ya zama tsumma, rana ta ci, ɓera ya ƙarasa, ledar tagar baya ta yi rawaya ba a ganin komai. Mama ta ja tsaki. Ni kuwa na durƙusa na ɗaga kafet, na tarar da ƙasa a bushe ƙayau, sai ƙurar citta da ta sa ni atishawa. A ƙarƙashin kwano ta zauna duk shekarun nan, ruwa bai same ta ba. Na saki maƙalai biyu da ke saman gilashi, na tura da hannu ɗaya. Ƙarfunan suka bi juna, wannan ya ja wancan, wancan ya kwantar da na bayansa, suka naɗe kamar fiffiken kaza, suka kwanta a bayan kujeru. Ba waya, ba famfo, ba maɓalli. Na ɗaga, na mayar, na ɗaga, na mayar, har mai motar ya tambaya ko lafiya. Wani mutum a wata ƙasa da ba zan taɓa gani ba ya zauna ya yi tunanin kowace gaɓa, har ya kai tsohuwa za ta iya rufe ta tana zaune. Na ji ina girmama shi kamar yadda nake girmama Oga Cyprian.

Na sa gora a kujera. Ta zarce ƙarfen rufin da kamar yatsa biyu. Mama ta ce shi ke nan, wannan ma ta faɗi. Na danna soson kujerar da gwiwar hannu, na ji kaurinsa, na ce mata yatsa biyun nan suna cikin soso, zan tono su. Washegari makanikenta ya zo, ya saurari injin, ya ce ɗan'uwan na ƙananan motocin da yake gyarawa kullum ne, giya ta hannu, kayanta ba sa wuya. Wannan ita ce arahar gaskiya, samari. Ku sayi mai yagaggen yadi da lafiyayyen ƙarfe. Yadi ana ɗinkawa, kuma shi ke karya farashi, domin shi ido ke gani.

Ita ta tuƙo mu gida, tsumman rufin a naɗe a baya. Matar da ta shekara da shekaru tana kokawa da sitiyarin doguwar mota, sai ga ta a abin da yake juyawa tun kafin ta gama niyya. Da farko tana lallaɓawa. Da muka samu kwalta mai kyau na ga ta sauke giya, ta taka, motar ta yi wani kuka mai daɗi ta miƙe. Hulata ta tafi, har yau tana wani wuri tsakanin Kachia da Zonkwa. Muna zaune kusa da ƙasa ƙwarai, har ina jin kamar in miƙa hannu in taɓa kwalta, gudu kaɗan sai ya zama kamar mai yawa. Na bi hanyar nan ba adadi a cikin bas, amma ban san tana da ƙamshi ba sai ranar, ƙonannar ciyawa, rafi, burkutu daga wani gida, furen mangwaro. Wahalarta ɗaya, duk tudun da aka yi a hanya don rage gudu sai an hau shi a karkace, in ba haka ba cikinta ya goga. Na waiwaya na ga nas mai ritaya tana dariya ita kaɗai, ɗankwali a wuya.

Gari kuwa ya ɗauka. Don ta cika kuɗin sai da ta sayar da doguwar motar, wadda ta kai matan zumunta na coci jana'iza da biki ba iyaka, ta kai masu naƙuda asibiti. A ƙasar nan mota ba ta mutum ɗaya ba ce. In ka saya, unguwa ta saya. Wanda ya wuce da kujera wofi bai tsaya ba, za a yi maganarsa har jikokinsa. Sai ga Mama Saratu, dattijuwar coci, da mota mai kujera biyu. Kafin Lahadi an raɗa mata suna, motar rowa. Wata ta tare ta a ƙofar coci ta ce a shekarunta me za ta yi da motar 'yan iska. Ta ce mata, "Na ɗauki kowa a garin nan. Yanzu mutum ɗaya zan ɗauka." Ta wuce abinta.

Rufin na fara. Na warware tsumman a hankali da reza kamar ranar da na fara koyo, na shimfiɗa kowane yanki a kan sabon yadi, na zana da alli, na ƙara kaɗan domin tsohon yadi ya tsuke. Na yi odar yadi mai kauri daga Kano, ba irin na keke ba. Na goga wa kowane zare kaki. Da tsakar rana ake ɗaura irin wannan, lokacin da yadi ya yi laushi, a ja shi sosai, in ya huce ya ɗaure kamar fatar ganga. In ka ɗaura da sanyin safe, rana tana fitowa ya saki ciki, ruwa ya samu wurin kwana. Sau biyu ina cirewa saboda wata 'yar tattara a kusurwa. Na zura wayar birkin keke a ramukan magudana har ƙurar citta ta zubo. Sannan na sa farar rigar cocina na shiga na rufe, na sa masu wankin mota na kusa da ni suka yi ta sheƙa bokiti. Na fito a bushe.

Kujerar ce ta fi ba ni tsoro, domin bayan Baba ba irin na kowa ba ne. Na tuna dabarar Oga. Na cika buhu da buntun shinkafa, na kai gidan, aka jingina Baba a kai na ɗan lokaci, da aka ɗaga shi siffar bayansa ta zauna a buhun. Ita na bi da wuƙar zarto. Na rage soso a mazauni ta baya, na ƙara a ƙarƙashin cinya, na fafe majingina daga sama, don ya kwanta baya ya shige ciki, kansa ya sauka. Lissafina duk a kan ƙarfen rufi yake, ban yi tunanin komai ba bayan wannan. Ranar gwaji aka shigo da motar ƙarƙashin rumfar kwanon gidan, aka naɗe rufi, maza biyu suka riƙe Baba ta hammata, ya juya baya, aka sauke shi daga sama a hankali. Ya zauna. Na ja rufin, ya rufe, da sauran wurin tafin hannu. Da na sake buɗewa sai muka ji ya ce, wa ya bar kwanon nan ya yi tsatsa haka, ga rami har uku. Muka yi dariya. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa yaushe rabon Baba ya ga kwano.

Ranar aure gari ya waye da hadari baƙi ƙirin. Aka saukar da Baba a kujera da babbar rigarsa fara, na rufe rufin da hannuna, na duba maƙalan. Suka fita, mu kuma muna biye a bas da masu ɗaga shi. Ba mu bar gari ba ruwa ya sauko, irin wanda ke sa masu keke su gudu ƙarƙashin gidan mai. Ina gaban bas, na kafe ido a kan yadina, ina ganin ruwa yana dukansa yana gangarowa ta inda na tsara masa. Ban taɓa yin addu'a a kan zare ba sai ranar. Farar riga ce a ciki, kuma ba tawa ba.

Dab da Kagoro ruwan ya ɗauke kamar an rufe famfo. Sai muka ga Mama ta ba da sigina ta sauka gefen hanya. Na ce ko Baba ya jiƙe, ko bayansa ya motsa. Na diro da gudu. Kafin in isa na ga hannunta ya saki maƙalan, ta tura rufin baya. Rigarsa a bushe take, ko ɗigo. Amma ba wanda ya kula da rigar. Dutsen yana gabansu, gajimare yana yayewa daga kansa, ruwa yana zubowa a jikinsa farare-farare, rana ta bugi saman. Kuma yadda na kwantar da kujerar, fuskar Baba can take kallo. Mutumin da aka haifa a gindin dutsen nan, wanda ya shekara da shekaru yana ganin takalma, ga shi yana kallon ƙololuwa. Direban bas ma ya kashe injin.

"Saratu," ya ce, "yana nan yadda na bar shi."

Ta ce za su makara.

"Su jira. Ba za su fara ba sai da ni."

Haka suka shiga ƙauye, kai a buɗe, tsoho a zaune kamar gwamna, yana ɗaga hannu. Ba wanda ya cire hula. Matan zumunta da suka raɗa wa motar suna su suka fara guɗa, har da wadda ta tare ta a ƙofar coci. Aka ɗaga shi, ya taka da sandarsa har gaba. Da fasto ya tambaya wa ya ba da yarinyar nan, ƙaninsa ya gyara zama bai miƙe ba. Baba Yohanna ya ce, "Ni ne, Yohanna, babanta," da muryar da ya saba magana da ita a kan ƙarar jirgi. Alheri ta fashe da kuka har sai da aka gyara mata kwalliya.

Bayan nan kusan kowace yamma da ba ruwa za ka gan su, samarin unguwa suna rige-rigen ɗaga shi. Ta kai shi Matsirga ya ga ruwa yana faɗowa daga sama, ta kai shi tasha ya kalli tsofaffin sigina. Ya ƙara damina biyu. Ranar da ta zama gaskiya, an ɗauke shi a kwance a bayan bas, a hankali, da mashina a baya, maza suna cire hula. Ita kuma tana biye a koriyar motar, rufi a naɗe, kujerar gefe ba kowa.

Har yanzu kafin ruwan fari takan kawo ta in duba zare, in zura waya a magudana. Bara na ce mata, Mama, bari in cika kujerar nan ta koma daidai, tunda duk wanda kika ɗauka nutsewa yake yi. Ta ce in na taɓa, ni da ita ne. Sannan ta buɗe ƙofar ta ce in shiga, ai ban taɓa zama a aikina ba. Na shiga. Bayana ya faɗa cikin ramin bayan Baba, kaina ya kwanta, wuyan da ya ƙare a sunkuye kan keke ya miƙe. Ta bi da ni ta bakin tasha. Ni da na tsufa a garin nan ina ɗinka abin da zai tsaya tsakanin mutane da sama, ban san shirwa suna da yawa haka a saman tashar jirgi ba.

"Ka gani?" ta ce.

Na ce na gani, Mama. Ta sauke giya.